Digirin digirgir a kan wasan kwaikwayon Birtaniya na yanzu: ta ina zan kama?

'Yar Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure, malamaina da yayyena. Shawara nake nema. Ina koyarwa a sashen Turanci, digirina na biyu a adabi na yi shi, yanzu kuma raina ya kwanta a kan in yi na uku a fannin wasan kwaikwayon Birtaniya na wannan zamani. Na rubuta daftarin bincike, taken da na sa shi ne siyasa a wasan kwaikwayon Birtaniya daga 1956 zuwa yau. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Taken ya yi kuwa? Sannan dole ne sai na je can, ko zan iya yin aikin a gida da littattafan da nake da su? Wanda ya san hanya ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Bakatsine: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba da sa'a. Amma ki yi haƙuri, kafin a je ga yadda za a yi, ni tambayata ita ce don me? Turawan nan suna da masu nazarin wasanninsu birjik, duk wasan da aka yi a Landan kafin a shekara an rubuta maƙala a kansa. Mu kuwa ga tashe nan, ga wasannin rediyo da na talabijin da iyayenmu suka taso da su, kaset ɗinsu na lalacewa, masu yin su na mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zauna da su. Ki ɗauki shekara huɗu na rayuwarki ki kai inda ba a rasa ma'aikata ba? Abin yana damuna, shi ya sa na faɗa.

Dattijo: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Maganar Bakatsine za mu dawo kanta, tana da nauyi. Bari in fara da taken, don shi ne zai fara kayar da ke.

Daga 1956 zuwa yau kusan shekara 70 ke nan. Na san dalilin da ya sa kika kafa a 1956: a shekarar aka nuna Look Back in Anger na John Osborne a gidan wasan Royal Court, kuma haka aka koya mana, cewa daga ranar komai ya canza. To su kansu masanan can sun daɗe suna tababar wannan labari. Dan Rebellato ya fitar da littafi a 1999 mai suna 1956 and All That, yana nuna cewa an zuzuta shekarar ne, an danne abin da ake yi kafin ta. Duk wanda zai karanta daftarinki ya san wannan. Idan ya ga kin ɗauki 1956 a matsayin abin da ba a jayayya a kai, zai gane inda karatunki ya tsaya.

Sannan idan suka ce wasan kwaikwayo na yanzu, galibi daga shekarun 1990 zuwa gaba suke nufi. Osborne da Harold Pinter da Edward Bond sun zama kakanni. Ita kuma siyasa, wace? Ta David Hare, wanda ya sa Bush da Blair a kan dandamali a Stuff Happens a 2004? Ta Caryl Churchill, wadda a Top Girls ta 1982 take tambayar me mace ta samu idan ta hau sama ta taka 'yar'uwarta? Ko ta Black Watch na 2006, da aka gina a kan hirar da aka yi da sojojin Sikotland da suka dawo daga Iraƙi? Kowanne cikin waɗannan kundi ne mai zaman kansa. Ba fanni ake nema a wurinki ba, tambaya ake nema, guda ɗaya, wadda za ki iya faɗa wa mutum a tsaye kafin ya gaji.

'Yar Samaru: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na ji wannan sosai.

Ɗalibi a Ingila: Salam. Yaya, ni ina cikin abin yanzu, a kan wasan kwaikwayo nake nawa, bari in amsa tambayarki ta biyu.

Za ki iya rubuta kundi daga littafi kaɗai, ana yi. Amma ki san abin da za ki rasa. A Royal Court, littafin wasan shi ake sayarwa a bakin ƙofa a daren da aka fara nunawa, kuma a ciki za ki ga an rubuta cewa an kai shi ɗab'i tun ba a gama gwaji ba, don haka yana iya saɓawa da abin da za a gani. Ke nan littafin da ke hannunki a Zariya wani lokaci ba shi ne abin da 'yan kallo suka ji ba.

Wannan ma ƙarami ne. Marubuta da yawa na wannan zamani da gangan suke barin rubutun a buɗe. Attempts on Her Life na Martin Crimp, 1997, bai faɗi wa ke magana ba, layuka ne kawai, darakta ne zai raba. 4.48 Psychosis na Sarah Kane babu sunan ɗan wasa ko ɗaya a ciki, babu umarnin shiga ko fita. Da aka fara nuna shi a 2000 mutum uku suka yi shi, wasu daga baya suka yi da mutum ɗaya. A wasan random na debbie tucker green, 2008, mace ɗaya ce take zama uwa, ta zama uba, ta zama ɗa, ta zama 'ya, a ranar da aka kashe yaron gidan da wuƙa. A takarda za ki karanta shi cikin ɗan lokaci ki ajiye. A gidan wasa kuwa kina kallon jiki ɗaya yana ɗauke da makokin gida guda. Churchill kuma tana sa alamar sanda mai karkata (/) a tsakiyar jimla don nuna inda wani zai katse mai magana, muryoyi su hau kan juna. Ido ba ya jin wannan hayaniyar, sai kunne. Gani ya kori ji.

Mai Dandamali: Wannan gaskiya ne, kuma mu masu yin wasa mun fi kowa sani. Ka rubuta waƙar tashe a takarda ka ba wanda bai taɓa ganin yara da gemun auduga suna zagaya gidaje a daren azumi ba, me ya samu? Kalmomi kawai.

'Yar Samaru: To bidiyo fa? Na ga ana sa wasu a intanet.

Ɗalibi a Ingila: Akwai, kuma yana taimakawa. National Theatre, babban gidan wasan ƙasa da ke Landan, ta fara haska wasanninta a gidajen sinima tun 2009, daga 2020 kuma ta buɗe na kallo a gida ga mai biyan kuɗi. Akwai Drama Online, rumbun wasanni na intanet, idan laburaren jami'a ya yi rajista. Matsalar ita ce manyan wasanni aka fi ɗauka. Ƙananan da aka yi a ɗaki mai cin mutum ƙasa da ɗari, waɗanda sau da yawa su ne masu zafin, ko dai ba a ɗauka ba, ko an ɗauka an ajiye a rumbu. Gidan tarihi na Victoria and Albert (V&A) da ke Landan yana da rumbun bidiyon wasanni tun 1992, amma sai kin je da ƙafarki an kunna miki. Haka rumbun National Theatre: littafin mai kula da dandamali, rahoton kowane dare, hotunan gwaji, duk suna can.

Uwar Gida: Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce, ba na cikin manyan nan, amma ina da magana, ƙanwata. Na taɓa karanta Blasted na Sarah Kane da aka ambata, ban iya ƙarasa shi a zama ɗaya ba. Fyaɗe, ƙwaƙule ido, abin da baki ba zai iya maimaitawa ba. Ke mace ce, Musulma, za ki dawo ki tsaya gaban 'ya'yan mutane. Kin yi tunanin shekarun da za ki yi da irin wannan a cikin kanki? Ba hana ki nake ba, tsakani da Allah nake tambaya.

'Yar Samaru: Na gode Yaya, kuma na san don kin damu da ni ne. Na karanta shi, ya tayar mini da hankali, haka kuma marubuciyar ta so. Tana cikin rubuta shi ne ake yaƙin Bosniya. Ta fara da namiji da mace a ɗakin otal a Leeds, sai kawai yaƙi ya fasa bango ya shigo. Abin da take cewa shi ne zaluncin da ake yi a ɗaki a rufe da wanda soja ke yi a filin yaƙi jininsu ɗaya. Mu da muka ga abin da aka yi wa mata a Borno da Zamfara, wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Amma ba lallai in yi aiki a kanta ba.

Dattijo: Hajiya, ki sani ba ke kaɗai ba. Da aka nuna shi a 1995 jaridun Landan sun yi masa ca, aka kira shi ƙazanta. Pinter da Bond da Churchill ne suka tsaya wa marubuciyar. Bayan rasuwarta a 1999 wasu daga cikin masu sukar suka janye maganarsu. Nazarin abu ba amincewa da shi ba ne, kuma mai bincike yana da 'yancin ya ce wannan ba zan zauna da shi ba. Fagen yana da faɗi.

Bakatsine: To ga sulhu. Idan dole sai Birtaniya, ki ɗauki namu da ke can. Inua Ellams a Jos aka haife shi, Barber Shop Chronicles ɗinsa na 2017 ya cika National Theatre, shagunan aski ne daga Landan zuwa Legas, Akara, Kampala, Harare da Johannesburg. A 2019 ya ɗauko Three Sisters na Chekhov ya dasa shi a Owerri lokacin yaƙin basasa. Marigayi Biyi Bandele ɗan Kafanchan ne, ya yi wa Royal Court da Royal Shakespeare Company rubutu. Ga Bola Agbaje da Gone Too Far! na 2007, wa da ƙani, ɗaya ya tashi a Landan ɗaya a Najeriya. Tun Soyinka ma, a Royal Court ya yi aikin karanta wasanni a ƙarshen shekarun 1950. A nan kina da abin faɗa da Bature ba shi da shi.

Mai Dandamali: Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Akwai ma Black Plays Archive da National Theatre ke riƙe da shi, an tattara wasannin baƙaƙen fata da aka yi a Birtaniya. Hanya a share take.

Ɗalibi a Ingila: Hanya ce mai kyau, ba na musu, kuma akwai sauran aiki a cikinta. Amma Yaya, ki shige ta don kina so, kada ki shiga don an tura ki. Abin da na lura da shi a tarurruka shi ne, da an ga ɗan Afirka sai a ɗauka a kan marubutan Afirka yake aiki, kamar ba mu da izinin yin magana a kan Churchill ko Jerusalem na Jez Butterworth. Alhali Bature zai zo Kano ya yi shekara biyu ya rubuta littafi a kanmu, mu karanta, mu kafa hujja da shi. Malam Bakatsine, amsata ga tambayarka ta farko ke nan. Idan kullum mu ake nazari mu ba ma nazarin kowa, rabin ilimin kawai muka riƙe. Sannan kasancewarki Bahaushiya ba ya nufin kin san Yarabancin da ke cikin wasan Agbaje ko rayuwar unguwar Peckham ta Landan. Can ma sai kin koya.

Bakatsine: Na ji, ɗan'uwa. Amma kaset ɗin da na ce suna lalacewa ba za su jira mu gama nazarin Bature ba.

'Yar Samaru: Malam Bakatsine, ban raina maganarka ba. Amma Baba ya ce in nemi tambaya, kuma tun da kuke magana nake juya abin. Abin da ya fi jan hankalina duk lokacin da nake karatun nan shi ne wasannin da aka hana. Na taso ina jin rigimar hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ana cewa mu ne masu hani, Turawa kowa na yin abin da ya ga dama. Sai na karanta cewa a 2004 an dakatar da wani wasa a Birmingham saboda mabiya addinin Sikh sun yi zanga-zanga. Na ce ashe. To idan babu hukumar tacewa, wa ke hanawa, kuma ta yaya?

Dattijo: Alhamdu lillahi. Ga kundinki nan, 'yata. Goge wancan taken.

Bari in shimfiɗa miki. Daga 1737 har zuwa 1968, wasan da za a nuna wa jama'a don kuɗi sai ofishin Lord Chamberlain, wani babban jami'in fadar sarauta, ya karanta ya ba da lasisi. Shi ya hana Saved na Edward Bond lasisi a 1965 sai an yanke wurare, har da inda samari suka jefe jariri. Royal Court ta nuna shi da sunan na 'yan ƙungiya ne kawai, aka kai su kotu, aka same su da laifi. Wannan rigima na cikin abin da ya kawo dokar 1968 da ta soke tacewar. Yawancin takardun ofishin, da rahotannin masu karanta masa, suna British Library, babban laburaren ƙasa da ke Landan, za ki ga da idonki abin da aka ja wa layi.

To bayan 1968 fa? A nan aikinki yake. A 1980 National Theatre ta nuna The Romans in Britain na Howard Brenton. Mary Whitehouse, mai fafutukar tarbiyya, ta shigar da ƙarar daraktan, Michael Bogdanov, da kanta, ta bi ta dokar laifukan lalata tunda dokar wasan kwaikwayo ta rufe mata ƙofa. A 1982 aka janye ƙarar ana tsakiyar shari'a. Wanda kika ambata shi ne Behzti na Gurpreet Kaur Bhatti, Disamba 2004, a gidan wasan Birmingham Rep. Ita kanta 'yar Sikh ce. Ta sa fyaɗe da kisa a cikin wurin ibadarsu, aka yi zanga-zanga, aka fasa gilasai, gidan wasan ya ce ba zai iya tabbatar da tsaron mutane ba ya rufe wasan, ita kuma ta ɓuya saboda barazana. A 2010 ta rubuta Behud a kan abin da ya same ta. Sai 2015: ƙungiyar wasan matasa ta National Youth Theatre ta ɗauki Omar El-Khairy da Nadia Latif su yi Homegrown da matasa sama da 100, a kan abin da ke jan yaran Birtaniya zuwa ƙungiyar IS. Saura kamar mako biyu a buɗe aka soke. National Youth Theatre ta ce aikin bai kai ba, masu wasan suka ce an toshe musu baki ne. Sun buga rubutun a 2017.

Kin ga yadda hannun ke canzawa? Da jami'i ɗaya ne mai ofishi da hatimi, kin san inda za ki same shi. Yanzu kotu ce, ko taron jama'a, ko shawarar 'yan sanda, ko hukumar gudanarwa mai tsoron rasa tallafi. Ki tsaya daga 2004 zuwa gaba, wasanni uku ko huɗu, na baya su zama shimfiɗa a babi ɗaya.

Uwar Gida: Wannan kam na fahimce shi. Amma ƙanwata, don Allah idan za ki rubuta, kada ki mai da masu zanga-zangar nan jahilai. A ce an sa irin wannan a masallaci, ni da ke mun san yadda za mu ji. Fasa gilashi da barazanar kisa ba daidai ba ne, amma ciwon da suka ji na gaske ne.

'Yar Samaru: Wallahi Yaya abin da nake ganin zan iya kawowa ke nan. Na san yadda mai imani ke ji idan an taɓa wuri mai tsarki, na kuma san yadda mace ke ji idan an ce ta yi shiru don kada a kunyata al'umma. Marubuciyar da masu zanga-zangar duk ina jin maganarsu.

Bakatsine: To ki haɗa da Kano mana, ki kwatanta. Rabi can rabi nan, kowa ya samu.

Ɗalibi a Ingila: Ina tsoron wannan, Malam. Can wasan dandamali ne, Kano fim ne. Can babu hukuma, Kano akwai hukuma da doka. Kundin kalma 80,000 ne, wasu jami'o'in su ba ka har 100,000, ba zai ɗauki tarihin ƙasa biyu da sana'a biyu ba tare da ɗaya ta zama 'yar rakiya ba. A jarrabawar baka kuma mutum biyu ne, ɗaya na cikin jami'a ɗaya na waje, a ɗaki a rufe, kuma ta gefen da ya fi rauni za su shiga. Ta gama wannan, ta dawo da kayan aiki, ta yi na Kano da kyau.

Bakatsine: Haka ake cewa kullum, a dawo a yi. Ban gamsu ba, amma Allah ya sa ta zama cikin masu dawowa.

'Yar Samaru: Amin Malam. Saura maganar kuɗi, don albashina ba zai kai ni ko filin jirgi ba.

Ɗalibi a Ingila: Ita ce babbar. Kuɗin makaranta ga ɗan waje a jami'o'i da yawa yana kai fam 20,000 a shekara, ban da haya da abinci, ga kuɗin lafiya na biza fam 776 kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko. Kada ki ɓata lokaci a kan tallafin karatu na Chevening, na digiri na biyu ne kawai. Tun 2021 an buɗe wa 'yan waje tallafin hukumomin binciken Birtaniya, har da AHRC mai kula da fanninmu, amma ba a ba su fiye da kashi 30 cikin ɗari na guraben, gasar kuwa da zafi.

Wanda nake ganin ya dace da ke shi ne tsarin Commonwealth na raba zama: ki yi rajistar digirin a jami'ar gida, su ɗauki nauyin wata 12 a wata jami'a a Birtaniya ƙarƙashin malami na biyu. Aikinki bai tsaya ba, iyali ba su watse ba, kuma shekara guda ta isa ki zauna a British Library, ki kalli abin da ke rumbu, ki yi hira da daraktoci da shugabannin al'umma a Birmingham. Sai dai suna son ki nuna amfanin binciken ga ci gaban ƙasarki, a nan maganar Malam Bakatsine za ta yi miki aiki. Hirar kuma sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin ki yi wa kowa tambaya, ki sa wannan a jadawalinki tun yanzu.

Malamin da zai duba aikinki kuwa, kada ki aika wasiƙa ɗaya ga mutum ashirin. Duba sassan wasan kwaikwayo na Royal Holloway, Queen Mary, Warwick, Birmingham da Leeds, ki ga wa ya yi rubutu a kan tacewa ko a kan wasannin 'yan Asiya da Musulmin Birtaniya, ki karanta maƙalarsa, ki rubuta masa gajeriyar wasiƙa da ke nuna kin karanta, da inda kike ganin akwai saura. Ƙungiyar Index on Censorship ma ta bibiyi irin waɗannan rigingimu, akwai rubuce-rubucensu a intanet kyauta.

Dattijo: Ki nemo rubutun Behzti da Behud da Homegrown ki karanta su da kanki kafin ki karanta abin da kowa ya ce a kansu. Sannan ki sake daftarin, kada ya wuce shafi uku, tambayar ta zo a sakin layi na farko. Turo mini ta akwatin sirri idan kin gama, zan duba.

'Yar Samaru: In sha Allahu Baba, bayan mun gama makin jarrabawa zan zauna a kai. Ƙanena na Ingila, Homegrown ɗin nan ana samunsa a shago ko sai an yi oda?

Ɗalibi a Ingila: Zan duba miki, Yaya. Akwai wanda zai taho Abuja ƙarshen wata, idan na samu sai in ba shi ukun gaba ɗaya.